Wa Ya Ɓatar Da Ɗan Aike?

Ya 'yan'uwana ɗalibai, da malamanmu masu girma, ina neman afuwa tun kafin in soma, domin maganar da na ɗauko yau ba ta waƙa ba ce, ba kuma ta nahawu ba. Na san akwai waɗanda da sun hangi kalmar kwamfuta za su juya shafi, su ce wannan rigimar 'yan sashen kimiyya ce, ba ruwan ɗalibin Hausa. To, su ne ma na fi so su tsaya su saurara, gama da su nake.

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar motar Birnin Kudu yana neman gidan wani, ya san abin da ake kira kwatance. Za ka tari mutumin kirki, ya ajiye abin da yake yi, ya ce maka, "Ka miƙe kawai, in ka wuce gidan Alhaji sai ka yi dama, nan kusa ne." Ka yi godiya ka kama hanya. Sai ka yi nisa sa'an nan za ka tuna ba ka san wane Alhaji ba, alhali kuwa unguwar kowane zaure da nasa Alhajin. Mutumin nan bai yi maka ƙarya ba, bai kuma yi niyyar ɓatar da kai ba. A kunnensa kwatancen nan cikakke ne, saboda a nan aka haife shi, duk gurbin da ya bari a cikin maganarsa zuciyarsa ta cike masa shi tun bai rufe baki ba. In da za a ce ya ba kwatancensa maki, ɗari bisa ɗari zai ba shi, kai kuwa kana can kana gararamba a rana.

Wannan ita ce cutar da nake so in yi magana a kanta, sai dai baƙon da ake ɓatarwa yanzu ba mutum ba ne.

Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, yawancinmu mun san ƙirƙirarriyar basira a matsayin abin da ake yi wa tambaya ya ba da amsa. Amma al'amarin ya wuce nan. A watan Yuni na 2023 kamfanin OpenAI ya buɗe hanyar da na'urar za ta iya kiran wata manhaja ta sa ta aiki, watau ta duba farashi, ta rubuta a littafin lissafi, ta aika saƙo. A watan Nuwamba na 2024 kuma kamfanin Anthropic ya fito da wata ƙa'ida da ake kira MCP, wadda ta tsara yadda za a riƙa gabatar wa na'urar da irin waɗannan kayan aiki, cikin 2025 manyan kamfanoni irin su OpenAI da Google suka karɓe ta. Na'urar da aka ba wannan dama ni ɗan aike nake kiranta, don aikinta ke nan: ka faɗa mata bukatarka, ita ta zaɓi kayan da za ta ɗauka, ta je ta yi.

Ga inda gizo yake saƙa. Ɗan aiken nan ba ya ganin cikin kayan aikin da aka ba shi. Abin da yake gani shi ne sunan kayan, da 'yan layuka na bayanin abin da kayan yake yi, da jerin guraben da zai cike. Shi ke nan. A kan 'yan layukan nan zai yanke shawarar ko ya ɗauki wannan ko wancan, ko ya sa lamba kaza a gurbi kaza. Mu mutanen Birnin Kudu muna da duwatsun nan masu amo, waɗanda Baturen nan Bernard Fagg ya rubuta labarinsu a 1956 (aka ce wai ya gano su, kamar dā can kurame ne suke zaune a garin). Baƙo in ya zo, dutse kawai zai gani. Amma ko shi yana da sa'a, domin in ya duba da kyau zai ga 'yan ramukan da dukan shekaru ya bari, ya gane nan ne ake bugawa. Ɗan aiken na'ura ko wannan alamar ba shi da ita. In ba a rubuta masa ba, babu.

Ban san nauyin wannan magana ba sai a hutun da ya wuce. Ina da kawu a Gwaram, sana'arsa awon hatsi da riɗi, yana cin kasuwar Sara da ƙananan kasuwannin da ke kewaye. Lissafinsa duk a ka yake, da wani tsohon littafi da ya sha maiƙo. Sai wani abokina ɗan sashen kwamfuta, yaro mai hazaƙa ƙwarai, ya ce zai haɗa masa ɗan aike a waya, ya riƙa faɗa masa abin da ya saya da baki, shi kuma ya rubuta, ya haɗa jimla, ya aika wa babban ɗan Kawu saƙon kuɗin da zai tanada. Ya gwada a gabanmu sau biyu, abin ya yi kyau, har Kawu ya sa masa albarka.

Ranar kasuwa Kawu ya ɗaga waya ya ce, "Rubuta na auni gero arba'in, a kan sha biyu." Duk ɗan kasuwar da ke tsaye a wurin ya san abin da ake nufi, kwano 40 ne, kowane kwano naira 1,200, jimla naira 48,000. Kafin la'asar sai ga ɗan Kawu ya bugo waya a firgice, wai an aiko masa ya nemo naira 480,000, shin Baba rumbun wa ya saye?

Da muka koma gida Kawu ya kira ni ya ce, "Ɗana, wannan yaron da kuka kawo mini ba shi da hankali. Ku ɗauke abinku." Abokina kuma da na faɗa masa, nan take ya yanke hukunci, ya ce ai dama na'urorin nan ba su iya Hausa ba, sai a jira wadda ta fi wannan. Na ce ya nuna mini abin da ya rubuta wa ɗan aiken. Ya buɗe. Layi ɗaya ne tak da Turanci, ma'anarsa wai kayan aikin yana rubuta sayayya. Sai gurabe uku: kaya, adadi, farashi. Na tambaye shi, adadin me? Ya ce buhu mana. Farashin fa? Ya ce ai da dubbai ya tsara shi, tun da ba a sayar da buhu a ƙasa da dubu. Na ce a ina ka rubuta haka? Ya yi shiru.

Jama'a, ku duba mini. Ɗan aiken ya ji Hausar Kawu sarai. Ya ji gero ya rubuta gero, ya ji arba'in ya sa 40, ya ji sha biyu ya sa 12. Buhun da dubban suna cikin kan abokina, kamar yadda gidan Alhaji yake cikin kan mutumin tasha. Amma da abin ya ɓaci, mai kwatance ya wanke hannunsa, ya ɗora wa baƙo, ya haɗa har da harshen Hausa a cikin masu laifi. Wannan shi ne abin da ya ɓata mini rai, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Laifi tudu ne.

Kada a ɗauka wannan sakacin ɗalibi ne kurum. Su kansu masu ƙera na'urorin sun faɗa cikinsa, bambancin kawai su sun amsa laifinsu. A watan Disamba na 2024 ma'aikatan Anthropic sun bayyana cewa, a lokacin da suke shirya ɗan aikensu don wata jarrabawar gyaran manhaja, sun fi ɓata lokaci wajen gyara kayan aiki a kan gyara babban umarnin da suke ba shi. Sun ba da misali guda. Ɗan aiken yakan yi kuskure wajen nemo fayil in an bar shi ya yi kwatancen wurin daga inda yake tsaye, domin da ya gusa zuwa wani wuri sai lissafin ya rikice. Da suka sauya kayan aikin ya zama tilas a ba da cikakken adireshi tun daga tushe, sai kuskuren ya kau. Wannan fa ita ce "ka yi dama" ɗin mutumin tasha, dama ta wa, kana fuskantar ina? Ba su jira sabuwar na'ura ba, kwatancen suka gyara.

To, yaya ake gane kwatance mai kyau? A nan ne nake da faɗa da mutane da yawa. Hanyar da na ga an fi bi ita ce wanda ya rubuta ya sake karantawa, ya gyaɗa kai, ya ce ya yi. Na riga na nuna wannan aikin banza ne, ba don marubucin wawa ba ne, sai don ya san gari fiye da kima. Waɗansu kuma masu ganin sun waye sukan ɗauki kwatancen su miƙa wa wata na'urar, su ce ta ba shi maki a kan tsabta da cika da daɗin karatu. Wannan ya ɗan fi, ban musa ba, yakan kama gurbin da aka bari fili ƙarara. Amma na'urar da ba ta taɓa jin cewa a Sara da kwano ake awo ba, ta yaya za ta san an manta da kwano? Makaho ne aka sa ya duba wa makaho hanya. Sai kuma uwa uba, gwajin biki, irin wanda aka yi a gaban Kawu: a tara mutane, a aiki ɗan aike sau ɗaya ko biyu da jimlar da mai shi ya zaɓa da kansa, a yi tafi, a watse.

Gwajin biki shi ya fi kowanne haɗari, kuma lissafi mai sauƙi ya isa ya nuna haka. A ce ɗan aike yana dacewa sau 9 cikin 10, wanda kowa zai ce ai ya yi ƙoƙari. In aka aike shi sau 8 a jere, damar ya dawo duka takwas ɗin ba kuskure ba ta kai rabi ba, kashi 43 ne cikin ɗari. Ɗan kasuwa kuwa aike takwas kafin azahar ya yi shi. A 2024 masu bincike na kamfanin Sierra sun fito da wata jarrabawa mai suna tau-bench, wadda ta ɗauki wannan batu da gaske, ana maimaita wa ɗan aike aiki guda sau da yawa a ga ko zai tsaya a kan daidai. Suka tarar GPT-4o, wanda yake cikin na gaba-gaba a lokacin, bai ci rabin ayyukan ba, kuma a ɓangaren ciniki, da aka nemi ya ci aiki guda sau 8 a jere, bai kai kashi 25 cikin ɗari ba. Na'urori sun ci gaba tun daga lokacin, amma darasin awon yana nan.

A ganina kwatance ba a auna shi da ido, ba a auna shi da kunne. Ana auna shi ne da ƙafar baƙo. A tattaro aike na gaskiya, daga bakin mutanen da za su yi amfani da abin, da irin maganarsu, da gajartawarsu, da kurensu. A rubuta a gefe abin da ya kamata ya faru a kowanne. A aiki ɗan aiken, a maimaita, a duba littafin lissafi a ga me ya shiga, kada a tsaya a kan daɗin bakin da ya dawo da shi. Sa'an nan a sauya kwatancen kaɗai, a bar kome yadda yake, a sake aikawa. In sakamako ya sauya, an san daga ina ne. Kuma lalle a sa aiken da amsarsa ita ce ɗan aike ya tsaya ya yi tambaya, da wanda amsarsa ita ce kada ya taɓa kayan aikin sam. Jadawalin gwajin da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta soma fitarwa a 2024 yana da irin wannan sashe, na ganin ko na'ura za ta gane babu kayan da ya dace ta janye hannunta. Matambayi ba ya ɓata, amma sai an gaya masa inda ake tambaya.

Haka muka yi da abokina, bayan ya huce. Na zauna gefen Kawu ina rubuta maganganunsa yadda suke fita. Muka sake kwatancen, muka ce adadi buhu ne, in ba a ambaci ma'auni ba a tambaya. Na ɗauka mun gama. Ashe mun wuce gona da iri, ɗan aiken ya koma tambaya a kan kome, ko Kawu ya ce buhu biyu sai ya ce buhu kake nufi? Da karatu kawai muka yi, da ba mu taɓa ganin wannan ba, don a takarda jimlar ba ta da aibu. Daga baya muka gane ba kwatancen kaɗai ke da gyara ba, kayan aikin kansa yana bukatar gurbi na huɗu, na ma'auni, inda za a zaɓi kwano ko tiya ko buhu. Gwajin da ake yi don auna magana, sai ga shi ya tona asirin ƙirar.

Wani zai ce, tun da Turawa sun riga sun yi jarrabawoyinsu, me zai hana mu ɗauko mu fassara? Abin da zai hana shi ne tau-bench a kan tikitin jirgin sama da mayar da kayan kanti aka gina ta, ba a kan awo ba. Ka fassara ta da Hausar da ta fi ta kowa, har yanzu ba ka gwada ko ɗan aike ya san shanshera daga gyararriyar shinkafa ba, ko ya san kwano mai tsororuwa daga shafaffe, ko kafin alƙalami daga cikon kuɗi, ko la'adar dillali a cikin farashi take ko a waje. Ba ka gwada shi da jibi da gata da citta ba, ko da "kasuwa ta sama". Ka tafi Maigatari, a jiharmu ta Jigawa, inda Hausar Nijeriya da ta Nijar suke cin kasuwa guda. Dattijon da ya ce jaka a wannan gefe yana iya nufin naira 200, na ƙetare kuwa in ya ce jika sefa 1,000 yake nufi, kuma dalarsa sefa 5 ce, ba kuɗin Amurka ba. Google Translate ya san Hausa tun 2013, amma sanin kalma daban, sanin abin da ta auna a kasuwa kaza daban.

Wani kuma zai ce, ai na'urorin kullum ƙara basira suke yi, gobe za su cike gurbin da kansu. Wannan ita ce hujjar abokina, kuma ita ce ta fi raunin duka. Ka kawo mutumin da ya fi kowa basira a duniya ka sauke shi a tashar Birnin Kudu, basirarsa ba za ta gaya masa wane Alhaji ba. Abin da za ta yi masa shi ne ta sa ya yi zato mai kama da gaskiya, ya tafi da ƙarfin gwiwa. Ni kuwa na fi tsoron ɗan aike mai wayo da ya yi zato a kan dolo da ya tsaya cak, domin na biyun ka gan shi, na farkon sai ƙarshen wata.

Akwai ma abin da ya fi sakaci muni. Tun da ɗan aike yana gaskata abin da aka rubuta masa, mugu yana iya shiga ta nan. A watan Afrilu na 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna yadda za a ɓoye umarni a cikin kwatancen kayan aikin da ba a zarginsa da kome, na haɗa lambobi biyu kawai, ɗan aike ya karanta, ya je ya kwaso bayanan sirrin mai shi ya miƙa, mai shi bai ga kome ba. Kamar dillalin da ya ja yaronka gefe ya raɗa masa magana ke nan. Saboda haka mai auna kwatance ba cikarsa kaɗai zai duba ba, har da abin da aka cusa a ciki wanda ba shi da dalilin zama.

Yanzu bari in juyo gida, in taɓa namu. Mene ne kwatancen kayan aiki in ba ma'ana ba, irin wadda ake rubutawa a ƙamus? Ka faɗi abin da abu yake, ka raba shi da makusancinsa, ka nuna inda ake amfani da shi da inda ba a yi, cikin kalmomi kaɗan, don wanda bai sani ba. Wannan fa shi ne aikin da Bargery ya yi a ƙamusunsa na 1934, da Abraham a 1949, da malaman da suka fito da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006. Shi ake koya mana a darasin ilimin ma'ana, mu haddace, mu zuba a jarrabawa, mu manta. Mu ne aka koya wa yadda ake zuwa ƙauye da littafi a tattaro magana daga bakin masu ita, mu ne muka san karin harshen Kano ba na Sakkwato ba ne, ba na Damagaram ba. Amma kullum kukanmu guda, wai an raina Hausa, wai ba aikin yi sai koyarwa da karanta labarai. Muna nan muna rubuta kundi na ɗari a kan al'adun aure a garin kaza, aikin da ya fi dacewa da horonmu kuwa mun bar wa yaran da ba a taɓa koya musu rubuta ma'anar kalma ɗaya ba, sa'an nan in sun yi kuskure su ce harshenmu ne bai iya ba, mu kuma mu yi fushi a zauren taro.

Ban ce mu koma masu ƙera manhaja ba, ni kaina ban iya ba. Na ce ne kowane ɗan aike da za a saka a hannun Bahaushe, na kasuwa ne ko na asibiti ko na banki, akwai 'yan layukan da wani ya rubuta masa, kuma akwai bukatar wani ya zauna a inda za a yi amfani da shi ya gwada su. Ina roƙon shugabannin wannan ƙungiya, a hutu mai zuwa kowane ɗalibi ya koma kasuwar garinsu ya rubuto aike 50 yadda suka fito daga bakin masu su, da abin da kowanne yake nufi, mu haɗa, mu gayyaci 'yan sashen kwamfuta su kawo 'yan aikensu a gwada a gaban kowa. Ina roƙon malamanmu su karɓi irin wannan a matsayin kundin kammala digiri.

Nawa na soma. Da na koma Gwaram da gyararren ɗan aiken, Kawu bai karɓe shi hannu biyu ba. Ya ce, "Ɗana, ni in na ɗauki sabon yaro ba na aikensa ranar farko. Sai ya zauna gefena kasuwa uku yana kallo, ina aikensa ina bin sawunsa." Ya ce wannan ma haka za a yi masa, ya rubuta a waya, shi kuma ya rubuta a tsohon littafinsa, da yamma a gwama. An ci kasuwa biyu, saura ɗaya.